Kwamfuta ta Talatin da Biyu

Litinin, 3 ga wata, 9:40 na safe

Sanarwa ta zo daga masu manhajar imel ɗin da muke aiki da ita a nan asibiti. An gano ɓaraka. Wai saƙo ɗaya tak ya isa. Ko ba ka buɗe shi ba, da zarar ya faɗo akwatinka manhajar ta leƙa shi, wanda ya turo ya sami ƙofar shiga. Daga nan sai ya karanta duk abin da ke ciki, ya kuma yi rubutu da sunanka. Sun fitar da gyara, sun ce a sa shi yau, ba gobe ba.

Yaya faci yake kiran irin wannan gyaran, kamar na masu facin taya. Ni ma haka bakina ya saba, tun da shi ya koya mini aikin, kuma aikinsa ne nake riƙe da shi yanzu.

Kwamfuta talatin da biyu gare mu. Na buga jerinsu a takarda, na nemi jan biro.

Litinin, 4:15 na yamma

Sha ɗaya kawai na gama. Facin kansa minti shida ne. Sauran lokacin duk a lallashi ya tafi, don ba mai son tashi daga kujerarsa.

Sista Babba ta riƙe maus ɗinta kamar zan ƙwace mata ɗa. "Auta, ke kullum sai ina tsakiyar aiki? Wannan kwamfutar tun ba ki san hagu da dama ba take aiki lafiya lau."

Na ce, "Sista, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ta ce, "Ji bakin yayanta sak. Allah ya jiƙansa." Ta tashi ta ba ni wuri.

Duk asibitin Auta suke ce mini. A bakinsa suka ji, har Manaja.

Laraba, 5 ga wata, 2:30 na rana

Talatin da ɗaya.

Ta ƙarshen tana ɗakin na'urori, can ƙarshen baranda, bayan ɗakin gwajin jini. Ta Yaya ce. Wata biyar ke nan tana kunne, don layinta na kan batir, ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa. Ba wanda ya ce a kashe ta, ni kuma ban tuna wa kowa ba. Imel ɗinsa a buɗe yake kamar yadda ya bar shi. Tabaransa na karatu yana gefen kibod, rigar sanyinsa a bayan kujera. Ɗakin sanyi ne da shi kamar cikin firji, ga ƙugin na'urori da ba ya tsayawa.

Matsalar ita ce, in na sa facin, manhajar za ta rufe ta sake buɗewa, ta nemi kalmar sirri. Yaya kuwa bai taɓa rubuta kalmar sirri a takarda ba, har faɗa yake wa masu yi. Da na danna, akwatin ya rufe ke nan har abada.

A cikin saƙonnin da ba a gama rubutawa ba akwai guda ɗaya. Nawa ne. Layi ɗaya, bai ma kai aya ba:

"Auta, game da maganar jiya,"

A tsaye na karanta shi. Ban taɓa zama a kujerar ba.

Na fito, na sa jan biro a lamba ta talatin da biyu, na kai wa Manaja takardar. Ya ce, "Har kin gama? Madalla." Ya sa hannu a ƙasa.

Alhamis, 6 ga wata, 8:05 na safe

Zan yi facin sati mai zuwa. Ba wanda ke turo wa wannan akwatin saƙo yanzu.

Juma'a, 7 ga wata, 11:20 na safe

Na shiga duba batir ne kawai. Wallahi batir na je dubawa.

Saƙon ya ƙaru.

"Auta, game da maganar jiya, na san ke ce"

Na ɗauki hotonsa da waya ranar Laraba, don haka ba zancen mantuwa ba ne. Na jera hoton da allon. Kalma huɗu sun ƙaru. Makullin ɗakin ɗaya ne, kuma yana cikin jakata.

Ni ba yarinya ba ce a aikin nan. Na san abin da wannan ke nufi. Wani ya turo irin saƙon da aka yi gargaɗi a kai, ya shigo, yana zaune cikin akwatin Yaya yana karatu. Abin da sanarwar ta ce zai faru shi ne ya faru. Maganinsa minti shida.

Na kai hannu kan maus. Na ɗauke. Na gyara wa tabaran zama, na fito.

Litinin, 10 ga wata, 1:00 na rana

Ban shiga ɗakin ba yau.

Litinin, 3:50 na yamma

Na shiga. Bai ƙaru ba.

Talata, 11 ga wata, 10:35 na safe

"kika kai wa Manaja."

Har da aya.

Na tsaya ina ta nazari, ina ɓarawo zai san wannan? Sai na bi saƙonnin da suka shigo wa Yaya a satinsa na ƙarshe a nan. Na sami na Manaja, wanda ya tura masa da yammacin ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki. Ban taɓa ganinsa ba. Takardar hutu ce, wai a sauƙaƙa masa aiki ya koma kula da firintoci, saboda idonsa da yawan mantuwa. A layi na biyu an rubuta, "bisa bayanin da ƙanwarka ta kawo mana."

To. Kowane ɓarawo mai iya karatu zai iya haɗa wannan da wancan. Hankalina ya kamata ya kwanta.

Sai dai ni wata biyar ina rarrashin kaina da cewa bai sani ba. Saƙon an buɗe shi. Ƙarfe biyar saura kwata aka buɗe shi, ranar da ya rage mini hanya zuwa gida yana ba ni labarin wani likita da ya manna kalmar sirrinsa a goshin allo.

Ban faɗi ƙarya ba a kansa. Idon ya yi rauni, mantuwar ma akwai. Wannan na sha gaya wa kaina.

Na sunkuya na zare wayar intanet daga bayan kwamfutar. Ko wane ne, ya tsaya a waje.

Laraba, 12 ga wata, 9:10 na safe

Bai ƙaru ba. Wayar tana ƙasa inda na yar da ita.

Alhamis, 13 ga wata, 9:10 na safe

Bai ƙaru ba. Wannan ya nuna daga waje ne, mutum ne kamar ni, mai yatsu da kibod. Na yi daidai.

Alhamis, 12:45 na rana

Ban iya cin komai ba. Sista Babba ta ce fuskata kamar wadda aka yi wa allura da ƙarfi. Na yi dariya don kar ta ƙara tambaya.

Abin da ke cina shi ne, maganar ba ta ƙare ba. Wanda ya ce "na san ke ce" yana da abin faɗa a gaba. Duk tsofaffin saƙonninsa na ɗauki hotonsu, ba su ne damuwata ba. Sauran wannan layin nake so.

Alhamis, 4:30 na yamma

Na mayar da wayar intanet ɗin.

Ba zan yi bayani ba. Littafina ne.

Asabar, 15 ga wata, 5:00 na yamma

Na je wurin Anti, matar Yaya. Na same ta tana ninke kayan wanki a falo. Takalmansa har yanzu suna bakin ƙofa, an goge su.

Muka gaisa, muka yi hirar yara da makaranta. Can na ce, "Anti, ko Yaya ya taɓa gaya miki kalmar sirrinsa ta wurin aiki?"

Ta yi dariya har da riƙe haɓa. "Yayanki? Mutumin da ko lambar buɗe wayarsa sai ya juya mini baya yake dannawa? Shekara ashirin da biyu, Auta, ban sani ba."

Na ce, "Ranar nan, da ya dawo, bai ce komai ba? Game da aiki?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ya ci abinci, ya goge rigar da zai sa da safe. Da kansa ma ya goge, ya hana ni. Ya ce in tuna masa yana da saƙon da zai ƙarasa rubuta miki." Ta dube ni. "Ya turo kuwa?"

Na ce a'a.

"Allah sarki. Kullum zancensa ke nan, Auta ta fi ni kai, Auta za ta wuce ni. Ke ce abin alfaharinsa."

Na ce zan shiga banɗaki. Na daɗe a ciki, na bar famfo yana zuba.

Litinin, 17 ga wata, 8:50 na safe

"Ba ita ce"

Sabon layi ne. Ba ita ce me?

Litinin, 11:30 na safe

Sista Babba ta tare ni a baranda, ta ja ni gefe. Ba wasa a fuskarta yau.

"Auta, saƙo ya shigo mini da sunan yayanki. Ba komai a ciki, fari fat. Na mai gwajin jini ma haka. Jikina duk ya yi sanyi."

Na ce tsohon saƙon tunatarwa ne da ya tsara tun da daɗewa, manhajar ce ke tura shi da kanta. Ƙaryar ta fito sumul, har na ji tsoron kaina.

Ta ce, "To ki kashe shi, don Allah. Bawan Allah ya huta, mu ma mu huta."

Kwamfutocinsu na da faci, ba abin da zai same su. Wannan gaskiya ne. Abin da ban gaya mata ba shi ne akwatin Yaya ba kamar na kowa ba ne. Shi ne ya kafa tsarin, don haka kwafin duk sakamakon gwajin da ɗakin jini ke tura wa likitoci yana faɗawa can. Har yau yana faɗawa.

Talata, 18 ga wata, 7:55 na safe

Na zo kafin mai shara. Bai ƙaru ba.

Talata, 10:00 na safe

Bai ƙaru ba.

Talata, 2:20 na rana

Manaja ya kira ni. Shi ma farin saƙon ya same shi.

"Ba kin ce kin gama duka ba?"

"Talatin da biyu cikin talatin da biyu, ranka ya daɗe. Ga sa hannunka."

Ya duba takardar, ya dube ni ta saman tabarau. "Ni ban san kan waɗannan abubuwan ba, Auta. Yadda na yarda da yayanki haka na yarda da ke. Ke ce kika ce za ki iya."

Ni na ce. A wannan ofishin na ce, a kan wannan kujerar mai karyayyen hannu.

Laraba, 19 ga wata, 9:25 na safe

"ta dame ni ba."

Ba ita ce ta dame ni ba.

Na karanta ya fi sau ashirin. Na jingina da bango. Ƙugin na'urorin ya yi kamar ya ragu. Rigar sanyin da ke bayan kujera hannunta ɗaya ya sauko yana lilo, ko da yake iskar na'urar sanyi ce, ai na sani.

In ɓarawo ne, me yake nema da ni? Me zai ci a wannan wasan? Wataƙila so yake in bar ƙofar a buɗe, kuma ya gano igiyar da zai ja ni da ita. In haka ne, ya iya aikinsa, don ga ni a ɗaure.

Na ce da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki, "To mece ce ta dame ka?" Muryata ta ba ni kunya.

Alhamis, 20 ga wata, 12:10 na rana

Wata mata ta zo wurin karɓar baƙi da takarda a hannu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ina gyara firinta a bayan teburin karɓar baƙin, komai a kunnena.

Sakamakon gwajinta ne na satin jiya. An tura shi jiya da rana daga imel ɗin asibitinmu zuwa ofishin da take aiki, ga kowa da kowa, har mai gadi in yana da imel. Wata abokiyar aikinta ce ta buga mata shi.

Ta ce wa Sista Babba, "Ni ko mijina ban gaya wa ba tukuna. Ina neman ranar da zan iya. Yanzu da na shiga ofis kowa sai ya sunkuyar da kai." Ta ɗora yatsa a saman takardar. "Wane ne wannan? Ina son in ga fuskarsa."

Sista ta karanta sunan. Ta juyo ta dube ni.

Shekara goma sha tara ya yi a asibitin nan, sirrin mutum ɗaya bai taɓa fita ta hannunsa ba. Yau ga sunansa a kan wannan takardar, kuma ni na sa shi a wurin. Matar tana da ɗan kunne ɗaya, ɗayan ya faɗi ba ta sani ba. Shi na yi ta kallo don ba zan iya kallon idonta ba.

Alhamis, 3:40 na yamma

Manaja ya ce ranar Litinin wani masani zai zo daga waje ya bincika komai. Bai kira ni Auta ba. Da sunan aikina ya kira ni.

Na wuce ɗakin na'urori da niyyar gamawa. Na buɗe facin, akwatin tambaya ya fito, a ci gaba ko a fasa.

Sabon layi ya riga ya fito a saƙon: "Abin da ya dame ni,"

Na fasa.

Ina rubuta wannan ne don kada wata rana in gaya wa kaina ban sani ba. Na ga matar da idona, na ji abin da ta ce, kuma na fasa. Ko wayar ban zare ba. Akwai sakamakon mutum ɗari huɗu da wani abu a cikin akwatin nan.

Juma'a, 21 ga wata, 8:00 na safe

Bai ƙaru ba.

Juma'a, 11:15 na safe

Bai ƙaru ba. Sista Babba ta wuce ni a baranda ba gaisuwa.

Juma'a, 5:30 na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Ƙarfe huɗu saura na shiga. Rana tana shigowa ta ƙaramar tagar sama, ta faɗo daidai kan kibod, har ƙurar da ke tsakanin maɓallan ina gani. A waje ina jin ana tura keken marasa lafiya, wani yana dariya. Na ja kujerar na zauna. Karo na farko. Ba sanyi a jikinta kamar sauran kayan ɗakin, amma rana ta taɓa ta, ai.

Ina kallo haruffan suka fara fitowa, ɗaya bayan ɗaya. A hankali, irin na mai yatsa biyu. Aka yi kuskure, aka goge, aka gyara. Maɓallan da ke gabana ko motsi ba su yi ba.

"ke da na koya wa aiki da hannuna, ki bar ƙofa a buɗe sati uku. Mutane sun ba ki amana. Tashi ki rufe."

Ya tsaya. Na jira. Ba a ƙara komai ba.

Na ɗora yatsuna a kan kibod na rubuta a ƙasa, "Yaya, ka yafe mini?"

Minti ɗaya, biyu, biyar. Sai kalma ɗaya ta fito a ƙarƙashin tawa.

"Rufe."

Na san abin da masanin zai ce ranar Litinin. Zai ce wani ne a wata ƙasa, ya gama kwashe abin da yake so, yana mini dariya. Wataƙila gaskiyarsa. Amma sati biyu ina tambayar kaina ko ɓarawo ne ko shi ne, kuma a duniyar nan ban san ɓarawon da zai ce a toshe ramin da yake shiga ba. Mutum ɗaya na sani da za ka tambaye shi gafara ya amsa maka da aikin da ka bari. Da na tabbata shi ne, abin da ya ce in yi shi ne in kore shi.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da gida ya cika da mutane. Sannan na goge fuskata da hannun rigarsa, na buɗe facin, na danna a ci gaba.

Minti shida. Na zauna na kalli layin yana cika. Manhajar ta rufe, ta buɗe, ta nemi kalmar sirri.

Daga nan ofishin Manaja na wuce. Na ce masa talatin da ɗaya na yi ranar biyar ga wata, ta ƙarshen yanzu na gama, kuma takardar matar nan laifina ce, ba na wanda sunansa ke kai ba. Na roƙe shi ya kira ta ya gaya mata haka, in tana son ganin fuska ga tawa. Ya ce in ajiye makullin ɗakin a kan tebur, in jira kira a gida.

Asabar, 22 ga wata, 10:00 na safe

Ba kira. Na wanke kaya, na share ɗaki, na sake sharewa.

Na bi littafin nan daga farko ina karantawa. Na ce wata biyar, na ce ranar nan, na ce ranar da gida ya cika. Ko sau ɗaya ban rubuta abin da sunansa ba. Muddin akwatin yana buɗe, gani nake kamar ya fita ne zai dawo ya ƙarasa.

Bai ce ya yafe ba. Ba zai ƙara cewa komai ba, ni na tabbatar da haka da yatsana.

Yaya ya rasu.